Ku Daina Yi wa Rana Ƙazafi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a wayoyinmu da majalisun hira, kuma wallahi ta kai ni bango. Da zarar an ce zafin bazara ya wuce na da, ko damina ta rikice, ko rijiyar unguwa ta ƙafe tun ba a fita hunturu ba, sai wani ya gyara zama ya ce: “Ai rana ce. Turawa ma sun ce rana ce ke ƙara wuta, ita ke narkar da ƙanƙarar can ƙarshen duniya. Babu hannun ɗan’adam a ciki.” Maganar tana yawo a saƙon murya na WhatsApp, daga Kaduna ta sauka Birnin Gwari, ta bi ƙauyuka har ta iso mu a Kutemeshi. Mai turawa bai bincika ba, mai karɓa bai tambaya ba. To ni na tashi in faɗa da babbar murya: wannan magana ƙarya ce. Ƙarya ce mai tsada, kuma manomin da ke bakin dajin nan shi ke biyan kuɗinta da gonarsa da guminsa.

Rana tana sauyawa, babu mai musu, kuma an daɗe da sanin haka. Wani mai sayar da magani a garin Dessau na ƙasar Jamus, Heinrich Schwabe, ya shafe shekara 17 yana duban fuskar rana da madubin hangen nesa, yana ƙirga baƙaƙen tabon da ke fitowa a jikinta. A 1843 ya sanar cewa tabon suna yawaita su kuma ragu bi da bi, masu bincike na baya suka tsayar da zagayen a kan kimanin shekara 11. In tabon suka yawaita, rana takan ɗan ƙara ƙarfi. In suka ragu, takan ɗan lafa. Tsakanin 1645 da 1715 tabon sun kusa ɓacewa ƙaf, a tsakiyar wani zamani na sanyi da Turai ta sha, har kogin da ya ratsa Landan yana daskarewa a ci kasuwa a kansa. Masu yi wa rana ƙazafi suna son wannan labari ƙwarai. Abin da ba sa faɗa shi ne, sanyin ya fara tun kafin 1645, ya kuma zarce 1715 da nisa, kuma duwatsu masu aman wuta, waɗanda tokarsu ke tare hasken rana, suna da babban kaso a ciki. Dutsen Tambora na Indunusiya shi kaɗai, da ya fashe a 1815, ya hana Turai da Amurka ganin lokacin ɗumi a 1816.

Akwai ma hanyar da rana ta taɓa juya ƙasarmu gaba ɗaya, kuma shaidar tana nan a gida. Masanin lissafi ɗan ƙasar Sabiya, Milutin Milankovitch, ya nuna cewa karkatar duniya da yadda take kewaya rana suna sauyawa a hankali cikin dubban shekaru, zagayen shekara 21,000 da 41,000 da 100,000, kuma wannan ne ke sa ƙanƙarar arewa ta mamaye ƙasa ko ta ja da baya. Tsakanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce, wannan sauyi ya ƙara wa arewacin Afirka zafin rana a lokacin damina, iskar ruwa ta kutsa har cikin Sahara, hamada ta zama makiyaya. Tafkin Chadi na wancan zamani ya kai faɗin murabba’in kilomita kusan 350,000. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale mai shekara kusan 8,000. A Dabous, arewa da Agadez, hoton raƙuman dawa yana nan a sassaƙe jikin dutse, a wurin da yau ko akuya sai ta yi da gaske. Wannan aikin rana ne da kewayen duniya. Amma aiki ne na dubban shekaru. Mu kuwa abin da muke kuka da shi ya faru ne a cikin rayuwar mutum guda. Bugu da ƙari, a wannan zamanin kewayen duniya yana tura ƙuryar arewa ne zuwa sanyi a hankali, kuma ta yi shekara wajen 2,000 tana bin wannan hanya kafin ƙarni na 20 ya juya ta baya da ƙarfin tsiya.

Yanzu a zo ga awo, don magana ba ta tsayawa sai da ma’auni. Tun ƙarshen 1978 taurarin ɗan’adam suke auna ƙarfin hasken rana daga sama, inda babu gajimare babu ƙura. Abin da ke isowa saman iskar duniya kimanin wat 1,361 ne a kan kowace murabba’in mita. Daga lokacin da rana ta fi lafawa zuwa lokacin da ta fi ƙarfi, bambancin kashi 0.1 ne cikin ɗari. Ɗauki buhun masara mai kilo 100, ka ɗebi tafin hannu guda ka ajiye, bayan shekara biyar ko shida ka mayar: iyakar sauyin ke nan. Kuma a tsawon shekarun da ake awon, ƙarfin rana bai hau ba, in ma an ce wani abu, ɗan sauka ya yi, alhali zafin duniya yana ta hawa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, a rahotonsa na 2021, ya ƙiyasta cewa ayyukan ɗan’adam sun ƙara wa duniya zafin da ya kai kusan digiri 1.1 a ma’aunin Salshiyas idan aka kwatanta da ƙarshen ƙarni na 19. Rana da duwatsu masu aman wuta, in an haɗa su, rabonsu bai wuce digiri 0.1 ba, ko sama ko ƙasa.

Ita ƙanƙarar da ake fakewa da ita, ita ce ma babbar shaidar da ke wanke rana. Tun 1979 ake ɗaukar hoton ƙanƙarar da ke rufe tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya. A farkon shekarun 1980, in ta gama narkewar shekara a watan Satumba, abin da ke saura yakan kai murabba’in kilomita kusan miliyan 7. A Satumbar 2012 miliyan 3.4 ya rage. Abin da ya ɓace ya kusa ninka faɗin Nijeriya sau huɗu. To a wane hali rana take a lokacin? Tana cikin zagayenta na 24, wanda ya fara a Disambar 2008 ya ƙare a Disambar 2019, zagaye mafi rauni da aka gani cikin kusan shekara ɗari. Rana ta yi laushi, ƙanƙara ta narke fiye da kowane lokaci a tarihin awo. Wanda ya ce rana ce, sai ya zo ya warware mana wannan.

Bai tsaya nan ba. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, rana takan faɗi a ƙarshen Oktoba, ba a sake ganinta sai tsakiyar Fabrairu. A wannan dogon dare ne, lokacin da babu rana ko ta magani, ɗumamar yankin ta fi tsanani. Masu bincike na ƙasar Finlan sun wallafa a 2022 cewa tun 1979 yankin Aktik yana ɗumama da saurin da ya kusa ninka na sauran duniya sau huɗu. Sannan da rana ce ta ƙara wuta, da iskar duniya ta ɗumama daga sama har ƙasa. Abin da ake aunawa akasin haka ne: iskar da muke shaƙa a ƙasa tana ɗumama, ta can sama, daga kilomita 15 zuwa 50, tana yin sanyi. Haka ke faruwa in wani abu yana tare zafin da ya kamata ya fita daga ƙasa ya koma sarari. Abin nan kuwa an san shi: iskar kabon da ke fita daga ƙona kwal da man fetur da gas da dazuzzuka.

Ƙanƙarar Antaktika, a ƙuryar kudu, ta ajiye lissafin wannan iska. Dusar ƙanƙara tana sauka shekara bayan shekara, tana danne ƙananan kumfar iska a cikinta. Masana na Turai sun haƙa rami mai zurfin fiye da kilomita uku a wurin da ake kira Dome C, suka zaro ƙanƙarar da ta kai shekara 800,000. A duk tsawon wannan zamani, iskar kabon tana kai da kawowa ne tsakanin kashi 180 da 300 cikin miliyan. Da aka fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 tana 315. Yau ta haura 420. A cikin wannan ƙanƙarar dai ake samun wani sinadari, beriliyam-10, wanda yawansa ke nuna ƙarfin rana a zamanin da ya wuce. Wato ƙanƙara tana riƙe da tarihin rana da tarihin hayaƙi a wuri guda, kuma an karanta duka biyun.

Adalci ya sa in faɗi inda rana ke da hannu na gaske a ƙuryoyin duniya. Wani ɓangare na haskenta, wanda ido ba ya gani amma yake ƙona fata, yana sauyawa fiye da sauran, yana taɓa iskar can sama, kuma akwai binciken da ke danganta lafawar rana da wasu hunturu masu tsananin sanyi a arewacin Turai, ta hanyar karkata iskar sanyi da ke kewaya ƙuryar arewa. Burbushin da rana ke fesowa yana sauka a ƙuryoyin biyu, ya haska sama da launuka, kamar yadda aka gani a ƙasashe da dama a watan Mayun 2024, lokacin da zagaye na 25 ke kan ganiyarsa. Duk wannan gaskiya ne. Amma sauya wa sanyi wurin zama daban, ƙara wa duniya zafi daban. Babban aikin rana a kan ƙanƙara ma ba daga sauyinta yake ba. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye na hasken da ya sauka a kanta zuwa sama, buɗaɗɗen teku kuwa yana shanye fiye da kashi 90. In hayaƙinmu ya narkar da farin, baƙin ruwa ya bayyana, ranar da ba ta sauya ba sai ta samu wurin shiga, narkewa ta ƙara sauri. Mu muka buɗe mata ƙofa.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ƙarya tana da masu ita. Binciken da aka wallafa a mujallar Science a 2023 ya nuna cewa masanan kamfanin mai na Exxon sun yi hasashen ɗumamar duniya daidai tun ƙarshen shekarun 1970, kamfanin kuma ya shafe shekaru yana sa wa jama’a shakka. A 2015 takardu suka fito suna nuna cewa Willie Soon, ɗaya daga cikin masanan da suka fi yayata cewa rana ce, ya karɓi fiye da dala miliyan 1.2 daga masu harkar mai da kwal don bincikensa. A Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu a fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, a watan Satumba kuma ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira sauyin yanayi damfara. In rana ce, ba wanda ake bi bashi. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya, amma a Kayes ta ƙasar Mali zafi ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, kuma masanan da suka bi diddigin abin sun ce ba don hayaƙin ɗan’adam ba da zafin bai kai haka ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ɗan’uwana Bahaushe, wanda aka zalunta, shi ke ɗauke da hujjar azzalumi a wayarsa yana raba ta kyauta.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Kutemeshi da ƙanƙarar da bai taɓa gani ba? Ruwansa kuwa har wuya. Tun 2002 taurarin ɗan’adam suna auna nauyin ƙanƙarar tsibirin Girinlan, suna nuna tana asarar kimanin tan biliyan 270 a shekara, Antaktika kuma kimanin tan biliyan 150. A ranar 14 ga Agustan 2021 aka ga ruwan sama ya sauka a ƙololuwar ƙanƙarar Girinlan, sama da mita 3,200, abin da ba a taɓa rubutawa ba. Ruwan da ke narkewa ba shi da gishiri, yana malala cikin arewacin tekun Atlantika, yana iya rage ƙarfin igiyar ruwan da ke ɗauko ɗumi daga kudu zuwa arewa. In arewacin Atlantika ya yi sanyi fiye da kudancinsa, gajimaren damina yakan ja baya zuwa kudu. Daminarmu daga wannan teku take zuwa. A 2017 masu bincike na Faransa suka wallafa lissafin da ke nuna cewa in ƙanƙarar Girinlan ta narke da sauri, ruwan damina zai ragu sosai a yankin Sahel, gonakin gero da dawa su tsuke, miliyoyin mutane su rasa madogara. Mun ma taɓa ɗanɗanar irin wannan. Farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawanmu ba sa mantawa, bincike da dama ya danganta wani kaso nasu da hayaƙin masana’antun Turai da Amurka da ya sanyaya arewacin Atlantika. In arewa da mu ta bushe, makiyayi da manomi ina za su nufa in ba dajin Birnin Gwari ba? Mun ga abin da rikici a kan ciyawa da ruwa ya haifa. A Fabrairun 2021 an kashe mana mutum fiye da goma a hari guda a nan Kutemeshi. Ba mu buƙatar a ƙara wa wannan wuta itace.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙaryar nan ba manyan ƙasashe kaɗai take wankewa ba, har da namu na gida. A wani taron rabon taki, wani dattijo ya miƙe ya tambayi jami’in da ya zo daga birni dalilin da ya sa rafin da suke shayar da shanu har ƙarshen bazara yanzu yake ƙafewa tun ana cikin sanyi. Jami’in ya ce, “Baba, sai haƙuri. Rana ce ta canza a duniya baki ɗaya, har ƙanƙarar Turawa tana narkewa. Ba abin da gwamnati za ta iya.” Dattijon ya ce, “Yallaɓai, itatuwan da ke bakin rafin nan, da idona na ga an yanke su da inji an loda a mota. Wa ya ba da izini?” Jami’in ya ce a ci gaba da layi. Wannan tambaya har yau tana nan ba amsa.

Duk wanda ya shiga bakin daji ya san abin da dattijon ke nufi. Za ka ji kukan injin yankan itace tun da sassafe. A kayar da kirya ko marke, itacen da ya girmi wanda ke yankan, a daddatsa, a jera, a lulluɓe da ɗanyen ganye da ƙasa, a cinna wuta ta ƙasa. Kwana da kwanaki farin hayaƙi yana tsiyaya ta ƴan ƙofofi, ƙasar wurin ta ƙone ta yi ja. In an buɗe, a cika buhuna har su yi tozo, a rufe bakin da ganye, a ɗaure da igiya, a jera a bakin hanya ana jiran mota. Irin wannan ramin yana cin kilo biyar zuwa goma na itace kafin ya ba da kilo guda na gawayi. Da kirya ta yi wuya, sai aka koma kan kaɗanya da ɗorawa, itatuwan da iyayenmu mata ke samun man kaɗe da kalwar daddawa, kuɗin sabulu da na littafin yara. Madobiya kuwa an yi mata wawaso a faɗin Nijeriya ana kai wa Sin, har sai da hukumar duniya mai kula da cinikin tsirrai da namun daji ta dakatar da fitar da ita daga ƙasar nan a 2018. Ga ramukan haƙar zinariya da ake bari a buɗe, ƙasa a tone, ruwa a gurɓace.

Ba na zagin yaron da ke haƙa ramin gawayi. Shekaru ya yi ba ya iya zuwa gona sai an biya ƴan bindiga kuɗin noma da na girbi, an kore shanun ubansa, makarantarsu a rufe. Ba na zagin matar da ke birni wadda tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, komai ya yi tashin gwauron zabo, ta ajiye tukunyar gas ta koma kurfoti. Fushina yana kan mai motocin da ke kwasa, da mai sa hannu a takardar izini, da mai karɓar na goro a shingen hanya, da mai riƙe da kuɗin gyaran muhalli. Dajin Kamuku da ke nan Birnin Gwari an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999, faɗinsa murabba’in kilomita sama da 1,100, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Dajin doka da maje ne, inda giwa da gwanki suka yi kiwo. Gwamnati ta bar shi ya zama sansanin ƴan bindiga shekara da shekaru. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani na Kaduna ya zo Birnin Gwari aka yi sulhu, aka buɗe kasuwar shanu, hanyoyi suka fara buɗewa, muka yi wa Allah godiya. Tsorona shi ne hanyar da aka buɗe wa manomi, ita ce aka buɗe wa injin yanka. Kada dajin da ya tsira daga bindiga ya ƙare a cikin buhu.

Itatuwan Kutemeshi ba su ne za su tsayar da narkewar Girinlan ba. Wannan nauyi yana wuyan Sin da Amurka da Turai da Indiya da masu haƙo mai, har da namu masu ƙona gas a banza a Neja Delta. Amma itatuwan nan su ne garkuwarmu daga abin da ke tafe. Itace yana sanyaya wuri da inuwarsa da ruwan da ganyensa ke fitarwa. Saiwarsa tana riƙe ƙasa, tana ba ruwan sama hanyar nutsewa ya cika rijiya, maimakon ya kwashe taki ya tsaga gona ya wuce. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ruwa da yawa, shi ya sa ruwan yanzu yake zuba a fusace cikin sa’a biyu, sannan ya ɗauke mako biyu ko uku, shuka ta ƙone, a sake sayen iri. Wanda ya ga ambaliyar da ta afka wa Maiduguri a Satumbar 2024 da Mokwa a Mayun 2025 ya san ruwa ba ya wasa da ƙasar da aka tuɓe. A daidai lokacin da duniya ta ga shekara mafi zafi a tarihin awo, wato 2024, mu muna sayar da garkuwarmu buhu-buhu.

Masu cewa ikon Allah ne, na yarda, komai ikon Allah ne. Amma Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka sanar da shi fari na tafe, rumbu ya sa aka cika. Kuma ba sai mun je ƙasar Turawa neman misali ba. Ƴan’uwanmu Hausawan Maradi da Damagaram, bayan farin shekarun 1980 ya gama da su, sun daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran, su kare su daga dabbobi da wuta. Sassaben zamani suke kiransa. Da wannan dabara, wadda ba ta buƙatar kwangila, an dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar, gawo ya dawo gonaki, amfanin gona ya ƙaru. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa nesa ba kusa ba. Su ba su ce rana ce ba, suka naɗe hannu.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba. Nijeriya tana da asusun kula da muhalli tun 1981, jihohi da ƙananan hukumomi suna samun kasonsu. A manna a bangon sakatariyar Birnin Gwari nawa ya shigo, me aka yi da shi. Ƙasar tana da dokar sauyin yanayi tun Nuwamban 2021. A nuna mana aikinta a ƙasa, ba a otal ɗin Abuja ba. Shirin gyaran muhalli na ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya ya shafi jihohin arewa 19 har da Kaduna. A faɗa mana rabon gabashin Birnin Gwari. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara. A kawo shi da Hausa, a karanta a masallatan Juma’a da ranar kasuwa kafin a yi shuka, a kafa ma’aunin ruwan sama a kowace gunduma, ɗaliban sakandare su riƙa rubutawa. Masarauta, ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ta sa hakimai da dagatai su haramta sare kaɗanya da ɗorawa da duk itacen bakin rafi, tarar kuma ta hau kan mai mota kafin ta hau kan mai gatari. A mayar da ma’aikatan gandun daji bakin aikinsu da kariya da albashi. A ɗauki matasan da ke haƙa ramin gawayi aikin renon itatuwa, a biya su a kan wanda ya rayu, ba a kan wanda aka dasa ranar ɗaukar hoto ba. Wakilanmu da ke zuwa tarukan yanayi na duniya kuma su riƙe alƙawarin dala biliyan 300 a shekara da aka yi a taron Baku a 2024 da hannu biyu, su bi shi a matsayin bashi, su kuma tabbatar ya wuce Abuja.

Zaɓen 2027 yana ƙaratowa, ƴan takara za su bi hanyar nan da aka buɗe su zo neman ƙuri’a. Duk wanda ya tsaya a gabanmu, ɗan majalisa ne ko shugaban ƙaramar hukuma ko mai neman gwamna, mu tambaye shi abu uku a bainar jama’a: motocin gawayi nawa ka tsayar, kuɗin muhalli nawa ka bayyana, itace nawa ya rayu a hannunka? In ya ɗaga kai sama ya fara ba mu labarin rana, mu riƙe ƙuri’armu, mu ba wanda ya zo da amsa.